Zomanyar da Ta Ɓace a Mashigar Jorf

Sai da bas ta sauko daga jirgin fito ta taka ƙasar Ajim a tsibirin Jerba sannan Halluma ta gano an ɗauke mata zomanya. Ta leƙa ma'ajiyar kaya da ke ƙarƙashin motar, ta ture buhun wani, ta ɗaga katifar wata, babu kejin babu alamarsa. Ta ɗora hannu aka ta kurma ihun da ya sa masu gyaran koma a bakin ruwa suka saki allura.

Zomanyar kuwa ba irin ta kowa ba ce. Fara ce ƙal, ƙatuwa, ga tsohon ciki. 'Yar'uwarta ce ta ba ta a Gabes don ta fara kiwo, tunda mijin Halluma ya rasu ya bar ta da gida da kwalekwale mai yoyo. Tun safe duk inda mota ta tsaya sai Halluma ta sauka ta duba ta, har fasinjoji suka riƙa tambayarta yaya amarya.

Mu mutanen Ajim muna da hali guda: in an yi ɓarna ba ma duban junanmu, baƙo muke nema. Baƙi kuwa biyu ne rak a motar, wani tsoho siriri mai alkyabba da matarsa, Balgasim da Mabruka, mutanen Duz, can bakin sahara. Balgasim mai bin sawu ne. Ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana nemo raƙuman mutane, har matar ma ta sawu ya same ta, don ƙafarta ya fara gani a hanyar rijiya kafin ya ga fuskarta. Shekara arba'in da ɗaya ke nan yana yi mata alkawarin zai kai ta ta tsoma ƙafa a teku, bana Allah ya nufa. Suka bi hanyar talaka: bas zuwa Gabes, kwana a ɗakin wani ɗan'uwa, wata bas zuwa Jerba, abinci a kwando.

Matsalar ita ce bakin Mabruka. A Jorf, can ƙetaren ruwa, lokacin da ake layin jiran jirgi, ta leƙa kejin ta ce, "Kai! Wannan ai a kan kuskus da kabewa za ta fi kyau." Kowa ya yi dariya, har Halluma. Yanzu kuwa kowa ya tuna maganar, babu mai dariya.

"A buɗe kwandon nan," in ji Si Tahar, wani mai sayar da tukwane, mutum mai tumbi da murya. "Wanda bai ci komai ba ai ba ya tsoron buɗe baki."

Mabruka ta buɗe da hannunta. Burodi ne da dabino da kwalbar man zaitun, sai wasu silifas na roba rawaya sababbi fil da ta saya a Gabes saboda teku.

"To sun miƙa wa wani a can ƙetare," in ji Si Tahar. "Mutanen rairayi ai duk sun san juna."

Mabruka ta mayar da kayanta ɗaya bayan ɗaya, ta ja mayafi har kan gira. Matar da tun Duz bakinta bai huta ba, yanzu muryarta ta koma ƙasa.

"Balgasim, ka mayar da ni gida. Na ga tekun ta tagar mota, ya ishe ni."

Maganar ta soki Balgasim har cikin ƙashi. Ya san halinta sarai. In ta koma Duz da sunan ɓarauniyar zomo, ba za ta ƙara bari a ambaci teku a gabanta ba har ta bar duniya.

"Ki zauna a inuwa, 'yar mutane," ya ce. "Ki ba ni zuwa la'asar."

Direba ya so ya ja motarsa ya wuce, amma Halluma ta riga ta zauna daram a gaban taya ta rantse ba mai motsa ta sai da zomanyarta. Direban ya kashe inji, ya tafi neman soyayyen kifi.

*

Balgasim ya fara da kwandasta, Rida, magidanci mai furfura a gemu, wanda yake ta share gumi kamar shi aka kama.

"Ɗana, wa ya buɗe ma'ajiyar a Jorf?"

"Ni ne, Baffa. Inna Halluma ce ta ce in buɗe mata ta sha iska. Na jawo kejin bakin ƙofa, na tafi shan shayi."

"Ta wane gefe ka buɗe?"

"Ta gefen katanga, inda babu rana."

"Mu kuma duk muna ɗaya gefen, wajen mai shayi."

"Haka ne. Da jirgi ya yi ƙaho na rugo na rufe, ban ko duba ba."

"Wannan fa?" Balgasim ya tsinto farin gashi daga hannun rigar Rida ya ɗaga.

Mutane suka matso. Wata mata ta ce, "Af! Ashe ɓarawon yana gida."

Rida ya marairaice. "Wallahi shafa ta kawai na yi. Laushi gare ta kamar auduga. Baffa, 'ya'yana biyar, kada ka sa a kore ni."

Balgasim ya sauke ido ƙasa. Ƙafar Rida yake kallo: takalmin yadi, dunduniyar hagu ta cinye ta waje. Ya adana wannan a kansa, ya juya ga Si Tahar, wanda tun ɗazu yake zaune a kan wani kwali mai ramuka bai ko motsa ba.

"Si Tahar, kwalin naka yana numfashi."

"Tukwane ne."

"Tukwanen Jerba suna da rai ke nan."

Halluma ta miƙe daga gaban taya ta yi kansa. Aka ɗaga Si Tahar da ƙyar, aka buɗe kwali, tattabaru huɗu suka leƙo suna guɗa. Ya ɓoye su ne don direba ya hana shiga da tsuntsu cikin mota. Jama'a suka fashe da dariya, Halluma ta koma gaban tayarta. Balgasim ya dubi takalmin Si Tahar, sau-ciki ne mai tsini, sannan ya nufi jirgin da ke shirin komawa.

*

Balgasim bai ga abin ƙauna a jirgin nan ba. Ƙarfe ne ko'ina, mutum ɗari za su taka shi ba wanda zai bar labari. Ya tsaya ya riƙe ƙarfen gefen jirgi yana kallon ruwan, yana mamakin yadda mutane suke rayuwa a kan abin da ba ya riƙe sawu.

Kusa da shi wani tsohon ma'aikacin jirgi yana naɗe igiya. Gajere ne, rana ta gasa shi, yana tsayawa ƙafa a ware kamar duk mutanen ruwa. Abokan aikinsa suna ce masa Baffa Sasi.

"Sannu da aiki, ɗan'uwa," in ji Balgasim. "Ka ji an sace zomo a motarmu?"

Sasi ya tofar da yawu a teku, ya dafa ƙarfen jirgi. "Ba a kiran sunan wannan abar a nan. Ni ban san komai a kanta ba."

"Ka yi haƙuri, baƙo ne ni."

"Na gani. Riƙon da ka yi wa ƙarfen nan kamar linzamin taguwa mai gardama."

Suka yi dariya tare. Sasi ya miƙa masa gasasshiyar gyaɗa daga aljihu, suka ci suna kallon Jorf tana matsowa da jan dutsenta. Balgasim ya ji mutumin ya kwanta masa a rai. Da suka iso, Sasi ya ɗauki wata doguwar sanda mai ƙugiya a baki ya janyo igiyar ɗaure jirgi, Balgasim ya sauka.

*

Mai shayin Jorf ya ce shi bai ga komai ba sai kofuna. Balgasim bai matsa masa ba, ya wuce inda bas ta tsaya ɗazu. Ɗigon baƙin mai ya nuna masa wurin. Tsakanin kwalta da katanga akwai siririn rairayi, a nan ya tsuguna, ransa ya dawo jikinsa.

Ga takalmin yadin Rida, ya zo ya koma wajen shayi, ya sake zuwa a guje. Ga tsinin takalmin Si Tahar, ya je gindin katanga ya rage mara ya dawo. Ga Halluma. Ga kuma ƙaramar ƙafar nan da zai gane ko a cikin dubu, ta tsaya a bakin ma'ajiya, ta juya a kan dunduniya kamar mai dariya, ta tafi hannu wofi. Ya ɗan jima yana kallon wannan sawun fiye da yadda aiki ya buƙata.

Sai ya ga wani sawun daban. Silifas ne tsofaffi, ƙafa a ware, sun fito daga wajen ruwa. Abin da ya ɗaure masa kai shi ne mai silifas ɗin bai ƙarasa jikin motar ba. Ya tsaya taki biyu nesa da ƙofar ma'ajiya, ya dogara a dunduniya kamar mai jan guga, ya juya ya bi gindin katanga.

Balgasim ya bi shi. Can sai ga ɗan ganyen karas a ƙasa, gaba kaɗan ga kashin zomo ƙwaya uku, ga ciyawar shimfiɗa. Wanda ya ɗauki keji a hannu, tarkacen a kan sawunsa yake zuba ko dab da shi. Wannan kuwa yana zuba ne can gefe, inda hannun ɗan Adam ba zai kai ba. Ya auna da takunsa sau uku, nisan bai canza ba.

A bayan wani kifaffen kwalekwale, ƙarƙashin inuwa mai sanyi, ya tarar da kejin. An ajiye gwangwanin sardin cike da ruwa a jikin waya yadda za ta iya kai baki, an tura rabin burodi ciki. Zomanyar ta ɗago kai ta dube shi da jajayen idanu. A ƙarƙashinta, cikin gashin da ta tuje daga ƙirjinta, wasu abubuwa bakwai jajaye suna motsi, kowanne bai fi yatsa ba.

"Barka da arziki, uwar gida," in ji Balgasim.

Ya duba sawun komawa. Mai silifas ya koma ruwa da sauri, kuma a gefen damansa, duk bayan taki biyu, akwai ɗan rami zagayayye, inda gindin sanda ya taɓa ƙasa.

Ya roƙi mai shayi wani babban kwalin biskit, ya zura kejin a hankali, ya huda gefe, ya yafa alkyabbarsa a sama. Da jirgi ya dawo ya tsaya a bakin mashiga yana nishi kamar kaya sun fi ƙarfinsa.

"Kawo nan, ɗan rairayi," in ji Sasi. Ya rungumi kwalin a ƙirji, ya kai shi inuwa ya ajiye. "Me ka saya haka?"

"Tsaraba ce," in ji Balgasim.

*

A Ajim ya tarar da jama'a sun ninka. Direba ya ƙoshi yana sakace, Halluma na gaban taya, Mabruka na can gefe ta juya wa teku baya. Balgasim ya roƙi Sasi ya taya shi da kwalin har wajen mota, tunda jirgi na lodi. Ya kuma ce ya taho da sandarsa, zai nuna wa matarsa irin ta.

Aka yi da'ira. Balgasim ya tsuguna ya share ƙasa da tafin hannu.

"Mutum biyar suka je gefen katanga a Jorf," ya ce. "Rida ya je sau biyu, hannu wofi. Si Tahar ya je, amma abin da ya kai shi ba na faɗa ba ne a gaban mata."

Aka kwashe da dariya. Si Tahar ya gyara hularsa.

"Halluma ta je. Matata ta je, ta yi maganar da ta fi ƙarfin bakinta, ta dawo. Na biyar bai shigo motarmu ba ma. Daga ruwa ya fito, ruwa ya koma." Ya zana layin taku a ƙasa, ya zana wani layin can nesa. "Nan ƙafarsa take, can tarkacen keji yake zuba. Ɓarawo rungumar abin da ya sata yake yi. Wannan kuwa ko taɓawa bai so yi ba. Da sanda mai ƙugiya ya maƙalo kejin, ya tafi da shi can nesa da jikinsa kamar mai ɗauke da garwashi. Ya kai shi inuwa, ya ba shi ruwa da burodin da ya kamata ya ci da rana. Na bi sawun ɓarayi shekara hamsin, ban taɓa ganin mai tausayi irin wannan ba."

Idanu suka koma kan sandar da ke hannun Sasi. Shi kuma ya dube ta kamar yau ya fara ganinta, sannan ya zauna a kan dutse.

"Ba sata na yi ba," ya ce. "Na shirya da mai motar kayan miya, in ya zo da yamma ya zagayo da ita ta hanyar gada, ba ta ruwa ba, ya kai wa mai ita. Wallahi haka na shirya."

"Kai Sasi!" in ji Halluma. "Kai da ka ɗauki makarar mijina? Me ta yi maka?"

"Ba ta yi mini komai ba, 'yar'uwa." Ya goge fuska da tafi. "Shekara ashirin na yi a jiragen kamun kifi na Faransawa. Su ba sa yarda a hau ruwa da wannan abar, ko sunanta ba sa kira. Ni ma dariya nake musu. Wata rana kuku ya shigo da guda biyu a ɓoye. Kwana uku tsakani jirgin ya kife. Mu tara ne, mu shida muka fito. Ƙanena Bashir yana cikin ukun." Ya dubi jama'a. "Na san liman zai ce camfi ne. Na sani. Amma da na ga kunnuwan nan a ma'ajiya, ga mata da yara cike da mota, ƙafata ce ta tafi da kanta."

"To da ka ga ana tuhumar baƙi fa?" in ji Rida. "Da ni kaina?"

"Kunya ta kama ni. Ina aikin jirgi sama da ƙasa ina jin ihun, na kasa buɗe baki."

Balgasim ya ji tausayinsa, amma tausayi bai biya masa buƙata ba.

"Ɗan'uwa, ni ba ni da ƙara a kanka. Na ci gyaɗarka. Amma ga matata can. Shekara arba'in da ɗaya tana jiran yau, aka zazzage mata kwando a gaban jama'a. Ita za ka faɗa wa."

Sasi ya tashi, ya cire hularsa, ya je gaban Mabruka ya durƙusa. "Inna, ni na ɗauka. Ke ba ki taɓa komai ba. Ki yafe mini."

Mabruka ta dube shi ta ƙasan mayafi.

"Duk na ji," in ji Halluma. "Zomanyata fa? Sai yamma?"

Balgasim ya yaye alkyabba, ya buɗe kwali. Halluma ta leƙa, ta ƙirga da yatsa, ta saki guɗa har tattabarun Si Tahar suka firgita.

Sasi ya miƙe zumbur. "Wannan kwalin? Wanda na...?"

"Shi. Da hannunka ka shigar da su, da hannunka ka fitar. Takwas ne, ba ɗaya ba. Ga jirginka can, ko tangaɗi bai yi ba."

Sasi ya dubi jirgin, ya dubi hannayensa, ya ruga bakin ruwa ya wanke su har gwiwar hannu yana salati. Da ya ɗago sai aka ga yana dariya, hawaye na bin kumatunsa. Har yau dai bai yarda ya kira sunan abar ba, kuma ba wanda ya matsa masa.

Halluma ta zo ta kama hannun Mabruka biyu. "'Yar'uwa, na ci amanar baƙunci. Yau a gidana za ku kwana, babu zancen masauki. Zan yi miki kuskus da kabewa."

"Da me a kai?" in ji Mabruka.

"Da kifi! Ki kiyaye ni."

Nan Mabruka ta fashe da dariya, mayafi ya zame. Si Tahar, wanda bai iya ba da haƙuri da baki ba, ya zaro ƙaramar tukunya daga kayansa ya tura mata a kwando yana kallon wani wajen. Direba ya yi ƙaho, aka watse.

*

Bayan la'asar Halluma ta nuna musu wata gaɓa a bayan gari, inda masunta suke jera tulunan kama wata dabbar teku mai hannu takwas. Babu kowa sai tsuntsaye. Mabruka ta fito da silifas ɗinta rawaya, ta juya su a hannu, ta mayar cikin kwando. Ta tattare zane ta taka ɗanyen rairayi da ƙafa tsirara.

Balgasim ya biyo ta a baya, kansa a ƙasa kamar kullum. Da farko takun na tsohuwa ne mai ciwon gwiwa, gajere, dunduniya na ja. Da ruwa ya matso sai ya ga takun ya buɗe, yatsu sun nutse, dunduniya ta daina taɓa ƙasa. Rabonsa da wannan sawun tun hanyar rijiyar Duz. Daɗi ya cika shi. Kafin ya gama kallo igiyar ruwa ta zo ta shafe shi tas.

"Wai kai," in ji Mabruka daga cikin ruwa, ya kai mata ƙwauri, "mun yi tafiyar kwana biyu don ka kalli ƙasa? Ɗago kai ka ga teku mana."

"Na ga abin da na zo gani," ya ce.

"To cire takalmin ka shigo, ruwan da sanyi."

Ya cire, ya shiga.